Wata biyu a sama: Ƙaryar da ta ƙi mutuwa tun 2003

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarun da shagunan intanet suka fara yawa a garuruwanmu, akwai wata wasiƙar imel da ta riƙa yawo duk watan Agusta. Yaro ya buga ta a takarda, ya kai wa ubangidansa a rumfa, kafin la'asar ta zama zancen 'yan albasa da direbobin manyan motoci daga Malanbil har Madekali. Abin da ta ƙunsa shi ne wai daren 27 ga Agusta duniyar Mars za ta matso har ta kai girman wata ɗan daren sha huɗu, a ga wata biyu a sama, kuma wai wanda bai gani ba sai a shekarar 2287.

Abin da ya sa wannan ƙarya ta yi tasiri shi ne a cikin gaskiya aka haife ta. Ranar 27 ga Agusta, 2003 Mars ta kusanto duniyarmu fiye da yadda ta taɓa yi cikin shekaru kusan 60,000. To amma wane irin kusanci? Kilomita miliyan 56 ne fa tsakaninmu da ita a daren, alhali wata bai wuce kilomita 384,000 ba. Wato ta fi wata nisa sau 140 da ɗoriya, ga shi kuma faɗinta ninki biyu kawai ne na wata. Waɗanda suka daga kai sun ga tauraro ne mai ja-ja, mai haske, shi ke nan.

Asalin rubutun cewa ya yi idan aka duba Mars da madubin hangen nesa mai ƙara girman abu sau 75, za ta yi kamar yadda ido ke ganin wata. Garin turawa daga wannan zuwa wancan sai zancen madubin ya faɗi a hanya, kamar buhun da ya zame daga bayan mota. Wasiƙar kuma ba ta ɗauke da shekara, don haka aka sake tura ta a 2004 da 2005 da 2006, aka yi ta yi. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ƙaryata har ta gaji. Mars kuwa sai bayan kimanin wata 26 take sake matsowa, babu ruwanta da Agusta.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai kallon sama ba ya cin kuɗi. Gaskiya ne, wannan ba ta cuci kowa ba sai barci. Ƙannenta ne suka zo da ɓarna. A daren 18 ga Janairu, 2010, kwana shida bayan girgizar ƙasar Haiti, dubban mutane a Ghana sun kwana a waje saboda saƙon waya da aka jingina wa NASA da BBC, wai wani haske daga sama zai jawo girgizar ƙasa. A watan Maris na shekarar, sai ga wani a Nijeriya, wai an ga baƙin zobe ya kewaye wata, saboda haka za a yi ruwan sama mai guba. Da hadari ya taso a wasu garuruwa, mutane suka watse daga tituna da kasuwanni. A 2014 kuma aka ce duniya za ta yi kwana shida cikin duhu a watan Disamba. Babu ko ɗaya da ya faru.

Ɗan kasuwar bakin iyaka ya fi kowa sanin kuɗin rana guda. Wanda ya ga rufe iyakar Nijeriya a 2019, ya kuma ga rufe gadar Malanbil da Gaya a 2023, ba sai an gaya masa yadda albasa ke ruɓewa a buhu ba, ko yadda kuɗin mota ke hawa tana tsaye. Waccan rufewar ta fi ƙarfinsa. Amma ya rufe rumfa da hannunsa ranar kasuwa saboda saƙon da ba a san marubucinsa ba, wannan kam asara ce ta ganganci.

Abin da sama ke yi da gaske ba ya zuwa da “tura wa mutum goma”. Ranar Laraba 29 ga Maris, 2006 an yi husufin rana cikakke da hantsi, ya ratsa Ghana da Togo da tsakiyar Benin, ya bi ta Gusau da Katsina ya shiga Nijar. Masana sun faɗi ranar da sa'ar da garuruwan tun da shekaru, kuma haka aka gani. A yankin Malanbil rana ta ragu sosai, ba ta rufe duka ba. Cikin sa'o'i kaɗan komai ya koma daidai.

Yanzu imel ya ba WhatsApp wuri, amma dabarar ba ta sake ba. A 2025 an yaɗa cewa duniya duka za ta yi duhu na minti shida ranar 2 ga Agusta. Nan ma an yanko gaskiya ne aka sauya mata shekara. Husufin na 2 ga Agusta, 2027 ne, zai bi ta Maroko da Aljeriya da Libiya da Masar da Makka, kuma a kusa da Luksor ta Masar ne duhun zai haura minti shida. Mu nan gefen rana kawai zai ɗan gutsure. Cikakken husufi mafi kusa da mu sai 20 ga Maris, 2034, ta kudancin Nijeriya.