Halarto da Zuciya da Zaman Natsuwa a Matsayin Hanyar Rage Damuwa

1.0 Gabatarwa

Babu ɗan Adam da ya kuɓuta daga damuwa. Ɗalibi yakan yi fama da ita idan jarrabawa ta ƙarato, malami idan aiki ya yi masa katutu, magidanci kuwa idan wata ya yi nisa aljihu ya bushe. Abin lura shi ne, ba a lokacin da matsala take faruwa kaɗai mutum yake shan wahalarta ba. Yakan sha ta tun kafin ta zo ta hanyar zullumi, ya kuma sake shan ta bayan ta wuce ta hanyar juyayi da da-na-sani. Wannan babi zai yi bayani a kan yadda damuwa take aiki a jiki, da yadda horar da hankali ya zauna a kan halin da ake ciki yake rage kaifinta, da kuma inda amfanin wannan hanya ya tsaya.

2.0 Damuwa da Yadda Take Aiki a Jiki

Damuwa ita ce halin takura da jiki da zuciya suke shiga idan mutum ya ga abin da ke gabansa yana neman ya fi ƙarfinsa. A shekarar 1915 wani masanin aikin sassan jiki na Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya bayyana yadda jiki yake ɗaura ɗamarar faɗa ko gudu da zarar ya hangi haɗari. Wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda sukan zuba sinadarin adiranalin a cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jini ya karkata zuwa ga tsokar hannu da ƙafa, aikin narkar da abinci kuma ya lafa. Daga baya sinadarin kotisol ya biyo, ya ƙara yawan sukari a jini domin samar da kuzari.

Wannan shiri ba cuta ba ne, kariya ce. Shi ne yake sa manomi ya yi tsalle idan ya ga kububuwa a kunya. Illar tana zuwa ne idan shirin ya ƙi sauka. Hans Selye, wanda ya fara wallafa bincikensa a 1936 a Jami'ar McGill ta Kanada, ya kasa lamarin mataki uku: firgita, da jurewa, da kuma gajiyawa. Jikin da ya daɗe a matakin jurewa yakan gaza a ƙarshe. Shi ya sa ake danganta doguwar damuwa da hawan jini, da rashin barci, da ciwon kai, da raunin garkuwar jiki, da kuma yawan mantuwa.

Muhimmin abu a nan shi ne, jiki yakan amsa wa haɗarin da zuciya ta saƙa kusan kamar yadda yake amsa wa na zahiri. Macijin da ke gona yakan wuce cikin daƙiƙa kaɗan, amma tunanin faɗuwa jarrabawa yana iya kwana arba'in yana kai da komo. Ke nan saƙa da warwarar zuci ita ce take tsawaita damuwa.

3.0 Ma'anar Halarto da Zuciya

Halarto da zuciya shi ne mutum ya ajiye hankalinsa da gangan a kan abin da yake faruwa yanzu, a jikinsa da zuciyarsa da kewayensa, ba tare da gaggawar yanke masa hukunci ba. Kishiyarsa shi ne halin da Bahaushe yake cewa mutum ya yi nisa, wato gangar jiki tana nan, hankali yana can. Zaman natsuwa kuwa shi ne atisayen da ake keɓe wa lokaci domin koyon wannan hali, kamar yadda ɗan kokawa yake motsa jiki kafin ranar shiga fage.

Watsewar hankali ta fi yadda ake zato yawa. A 2010 masana biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bibiyi mutane 2,250 ta wayar hannu, suna tambayarsu a lokuta dabam-daban abin da suke yi, da abin da suke tunani, da yadda suke ji. Sun gano cewa a kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalin mutanen ba ya kan abin da suke yi. Haka kuma, farin cikinsu ya fi raguwa a lokutan da hankalin ya tafi yawo.

4.0 Asali da Bunƙasa

Hanyar da asibitocin zamani suke koyarwa ta samo tushe ne daga koyarwar addinin Buda, wanda ya faro a arewacin Indiya fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A harshen Pali ana kiran wannan hali sati, kalmar da ke ɗauke da ma'anar tunawa da farkawar hankali. Sai dai tattara zuciya ba mallakar al'umma ɗaya ba ce. Musulmi sun san kushu'i a cikin salla, da tafakkuri, da muraƙaba a wajen sufaye, Kiristoci ma suna da al'adar bimbini da addu'a cikin shiru. Bambancin shi ne, waɗannan ibada ce da ake nufin Ubangiji da ita, alhali tsarin asibiti atisaye ne na lafiya da aka raba shi da aƙida.

A 1975 likitan zuciya Herbert Benson na Harvard ya wallafa littafin da ya nuna cewa zama shiru ana maimaita kalma guda na minti 10 zuwa 20 yana rage bugun zuciya da saurin numfashi. Bayan shekara huɗu, wato a 1979, Jon Kabat-Zinn ya buɗe sashen rage damuwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Massachusetts, domin majinyatan da ciwo ya daɗe yana cin su, magani kuma bai gamsar ba. Shirin nasa, wanda aka fi sani da MBSR, na mako takwas ne. Ana haɗuwa sau ɗaya a mako na kimanin awa biyu da rabi, a keɓe wuni guda na zaman shiru, sannan kowa ya yi atisayen kimanin minti 45 a gida kusan kullum. Daga baya Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale suka gina wani tsari a kansa domin hana ciwon baƙin ciki mai tsanani dawowa, kuma a 2004 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince da shi ga waɗanda ciwon ya kama sau uku ko fiye.

5.0 Hanyoyin Aiwatarwa

5.1 Lura da numfashi. Mutum zai sami wuri mai sauƙin hayaniya, ya zauna a kan tabarma ko kujera, bayansa a miƙe ba tare da ƙagewa ba. Sai ya sa hankalinsa a kan shigar iska da fitarta, ko dai a bakin hanci ko a tashi da saukar ciki. Ba a daɗewa hankali zai sulale zuwa wani tunani. Da zarar ya farga, sai ya dawo da shi kan numfashi a hankali, ba tare da zargin kansa ba. A nan ne masu koyo da yawa suke yin kuskure, su ɗauka cewa manufar ita ce a wanke ƙwaƙwalwa tas daga tunani, don haka da sun ga tunani ya kutso sai su ce sun kasa. Alhali fargar da dawowar su ne ainihin atisayen. Misalinsa kamar makiyayi ne da garkensa: aikinsa ba hana dabba motsi ba ne, a'a, juyo da ita ne duk lokacin da ta nufi gonar mutane. Minti biyar zuwa goma sun isa mai farawa.

5.2 Bin sassan jiki. A kwance ko a zaune, mutum zai bi jikinsa da hankali tun daga yatsun ƙafa har zuwa tsakar ka, yana lura da zafi ko sanyi, nauyi ko ɗaurewa. Amfanin wannan shi ne gane alamun damuwa da wuri, domin sau da yawa kafaɗa takan ƙage, haƙora su cije, tun kafin mutum ya san ransa a ɓace yake.

5.3 Kallon tunani. Idan tunani mai tayar da hankali ya zo, sai a ba shi suna a zuci: wannan zullumi ne, wannan tuna baya ne. Akwai tazara mai yawa tsakanin ɗalibin da ya ce "zan faɗi" da wanda ya ce "tunanin faɗuwa ya zo mini". Na farko ya ɗauki tunani a matsayin gaskiya, na biyu kuwa ya gan shi a matsayin baƙo mai wucewa, saboda haka yana da sararin komawa kan littafinsa.

5.4 Halarta a harkokin yau da kullum. A darasin farko na shirin Kabat-Zinn akan ba kowa ƙwayar zabibi ya duba ta, ya shinshina, ya tauna a hankali. Darasin shi ne, ci da tafiya da wanki da sauraron mai magana duk fagage ne na atisaye, matuƙar an yi abu ɗaya a lokaci ɗaya.

6.0 Amfani da Iyakarsa

A 2014 masana a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara sakamakon gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutane 3,515. Sun sami matsakaiciyar hujja cewa wannan atisaye yana rage fargaba da baƙin ciki da raɗaɗin ciwo, amma ba su sami hujjar cewa ya fi magani ko motsa jiki ba. A 2022 wani gwaji a Amurka da ya ƙunshi mutane 276 masu ciwon fargaba ya nuna cewa shirin mako takwas ya yi aiki daidai da wani sanannen maganin ciwon. A wannan shekarar kuma aka fitar da sakamakon wani babban bincike a makarantun sakandaren Birtaniya, wanda ya shafi ɗalibai sama da 8,000. An gano cewa koyar da darasin ga aji gaba ɗaya bai inganta lafiyar zuciyar yaran fiye da darussan da aka saba ba, kuma akasarinsu ba su riƙa yin atisayen a gida ba. Wannan abin lura ne ga mai shirin zama malami: sanya abu a jadawali kawai ba ya wadatarwa, sai da so da naci.

Bugu da ƙari, hanyar tana da iyaka ta fuska biyu. Ta farko, wanda ya taɓa ganin tashin hankali mai tsanani, kamar haɗarin mota ko hari, zaman shiru yana iya fama masa miki, don haka yana buƙatar jagorancin ƙwararre. Haka nan wanda damuwa ta hana shi ci da barci na makonni, ko ta kai shi ga tunanin halaka kansa, asibiti ya kamata ya nufa ba tare da jinkiri ba, kuma mai shan maganin hawan jini ba zai daina ba don ya fara atisaye. Ta biyu, natsuwa ba ta biyan bashi, ba ta rage cunkoson aji, ba ta kuma maye gurbin karatu. Abin da take yi shi ne kwantar da ƙura domin mutum ya ga hanya.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa damuwa shiri ne na kariya wanda yake zama illa idan ya daɗe, kuma yawon hankali tsakanin jiya da gobe yana cikin abubuwan da suke tsawaita shi. Halarto da zuciya ba ya hana mutum tsara gobensa ko ɗaukar darasi daga jiyansa. Yana koya masa ne ya bambance tunanin da ke kai wa ga aiki da wanda ke zagaye wuri ɗaya. Amfaninsa matsakaici ne, kuma sai an lizimce shi ake gani, domin da yayyafi kogi kan cika.

Tambayoyi

1. Yi bayanin matakai uku na damuwa kamar yadda Hans Selye ya kasa su.
2. Mene ne bambancin halarto da zuciya da zaman natsuwa?
3. Kawo hanyoyi uku na aiwatar da wannan atisaye tare da bayani.
4. Wane darasi malami zai ɗauka daga binciken makarantun Birtaniya na 2022?