Likitan mata ko ungozoma: Wa ya kamata ya karɓi haihuwa a Zamfara?

A gidaje da yawa na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ciki na shiga wata na bakwai muhawara ke tashi. Maigida, wanda ke da albashi ko shago a kasuwa, yana so a kai matarsa wurin babban likita tunda yana da halin biya. Surukarsa kuma na ganin likitoci ba su da haƙuri, naƙuda na ɗan jan lokaci sai su ambaci tiyata, alhali ita ta haifi tara a ɗaki. Mai cikin, wadda ita ce za ta durƙusa, burinta ta haihu da kanta ta tashi lafiya.

A wurin masana harkar haihuwa, abu biyu ne ke yanke wannan hukunci: irin cikin da mace ke ɗauke da shi, da kuma nisan da ke tsakaninta da ɗakin tiyata da jinin da za a ƙara mata idan al'amari ya juya. Ga macen da ke zaune a gari irin Kucheri, a Ƙaramar Hukumar Tsafe, abu na biyun ya fi nauyi ƙwarai.

Mutum uku ake kira ungozoma

Kalmar ungozoma na rikita lissafi, domin mutum uku ake kira da ita. Akwai ta gargajiya, dattijuwar unguwa da ta gaji sana'ar, wadda a al'adar Hausa galibi ba a kiran ta sai jariri ya faɗo, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi wankan jariri. Akwai ma'aikaciyar lafiya ta al'umma, irin waɗanda ake horarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Tsafe, wadda ita ce aka fi tararwa a ƙananan asibitocin karkara, kuma tun shekarar 2014 manufar Gwamnatin Tarayya ta amince a ƙara mata horo ta riƙa karɓar haihuwa inda babu wanda ya fi ta. Sai ungozomar asibiti, wadda ta yi shekara uku tana karatun aikin, ko wata 18 bayan ta gama karatun jinya, ta kuma samu lasisi daga Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Idan likitoci suka ce ungozoma ta isa ta karɓi haihuwa, ta ukun nan suke nufi.

Haka ma kalmar likita. Ƙwararren likitan mata da haihuwa ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekarar sanin makamar aiki, sannan ya ƙara wasu shekaru biyar ko fiye yana neman ƙwarewa. Irinsu a Jihar Zamfara sun fi taruwa a Gusau, a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. A manyan asibitocin ƙananan hukumomi, wanda ake samu yawanci likita ne na gama-gari, kodayake da dama daga cikinsu sun iya tiyatar ciro jariri.

Abin da kowannensu ke iya yi

Haihuwar da ta zo lafiya aikin ungozoma ne, har a asibitocin koyarwa. Wanda ya biya kuɗin ganin babban likita a lokacin awo zai iya mamakin tarar da cewa a daren naƙuda ungozoma ce ke tsaye a kan matarsa, likita kuwa sai an kira shi. Ita ce ke auna buɗewar bakin mahaifa, ta saurari bugun zuciyar jariri, ta rubuta komai a takardar bibiyar naƙuda domin ta gane da wuri idan abu ya tsaya. Jariri na fitowa za ta yi wa uwa allurar oksitosin don mahaifa ta tsuke, ta ɗinke ƙarin da aka samu, ta taimaki jaririn da ya zo bai yi kuka ba. Idan jijjiga ta taso, tana iya ba da allurar farko ta maganin magnesium sulphate kafin ta tura mace gaba.

Binciken da aka tattara daga ƙasashe irin su Birtaniya da Ostireliya da Kanada ya nuna cewa matan da ungozoma ɗaya ko ƙaramar tawaga ta bi su tun daga awo har haihuwa sun fi haihuwa da kansu, an kuma fi rage amfani da ƙarfen jawo jariri a kansu. Sai dai a waɗannan ƙasashe motar asibiti da ɗakin tiyata na kusa, abin da ya sa ba za a kwafo sakamakon a liƙa wa Tsafe kai-tsaye ba.

Abin da ungozoma ba ta yi shi ne tiyata. Idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugu, ko ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta sauko ta tare masa hanya, babu gwanintar hannu ko tsawon haƙuri da zai fitar da shi. Doguwar naƙuda irin wannan ce ke fasa mahaifa, ita ce kuma babban sanadin yoyon fitsari da ke kai mata cibiyar Babbar Ruga a Katsina.

Matan da ya kamata su fara da likita

Akwai matan da tun farko lissafinsu na likita ne. Duk wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ko ta cire ƙari a mahaifa tana cikinsu, ko da tana fatan gwada haihuwa da kanta a wannan karo. Ana iya gwadawa, amma a asibitin da za a iya shiga tiyata nan take, domin tsohon ɗinki na iya buɗewa. Haka mai hawan jini da ya kai 140 bisa 90, da mai ciwon suga ko sikila ko ciwon zuciya, da mai ɗauke da tagwaye, da wadda ta ga jini a watannin ƙarshe, da wadda ta taɓa zubar da jini mai yawa ko ta haifi jariri babu rai.

Rukuni biyu ne iyalai suka fi sakaci da su. Na farko yarinya mai ƙarancin shekaru da ke ɗauke da cikin fari, wadda kunya ke sa ta ɓoye naƙuda har sai ta galabaita. Na biyu kuma uwar da ta haihu sau biyar ko fiye, wadda kowa ke ganin ta saba. Mahaifar da ta sha ɗaukar ciki takan yi kasalar tsukewa bayan haihuwa, nan ne jini ke ɓallewa.

Babu hanyar sanin rukunin da mace take ciki sai awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Hujjar muhimmancin awo ma daga Arewa ta fito: Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tsakanin 1976 zuwa 1979, ya gano cewa mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su yi awo ba, waɗanda ba a kawo su sai abu ya lalace. Shekara fiye da 40 bayan haka, hoton bai sauya sosai ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ce ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya ce mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya bisa huɗu na duniya baki ɗaya.

Hanyar Kucheri bayan magariba

Awo mai kyau ba ya ba da tabbaci. Kimanin mata 15 cikin 100 na gamuwa da matsala mai barazana ga rai, kuma da yawa daga cikinsu babu wata alama da ta gabata. Mafi gaggawa ita ce zubar jini bayan haihuwa, wadda ake ƙidayawa daga rabin lita, kuma tana iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu.

Awa biyun nan ita ce ma'aunin da ya kamata iyalin Kucheri su riƙe. Garin na kan babbar hanyar Funtuwa zuwa Gusau, kuma da rana isa Babban Asibitin Tsafe, ko wucewa ta Kwatarkwashi zuwa Gusau, ba wani abu ba ne. Amma wannan yanki na Wanzamai da Kucheri da Magazu ya sha fama da tare hanya da satar mutane, kuma direbobi da dama ba sa yarda su hau titin da dare ko nawa za a biya su. Waya ma ba abin dogaro ba ce ɗari bisa ɗari. Mutanen jihar ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa gaba ɗaya. Naƙuda kuwa ba ta duba agogo.

Saboda haka macen da ke cikin rukunin haɗari, hikima ita ce ta koma kusa da asibiti mako biyu ko uku kafin lokacinta, ta zauna wurin dangi a Tsafe ko Gusau. Al'adar goyon ciki, wadda ke mayar da mai cikin fari gidan iyayenta, na iya zama taimako ko akasin haka. Idan iyayen na birni, ta faɗi gasassa. Idan kuma ma'aikacin da ke zaune a Gusau zai ɗauki matarsa daga kusa da asibiti ya kai ta ƙauyen da mota ba ta shiga da dare, ya kamata dattawan gidajen biyu su sake shawara, ko a ɗauko uwar ta zo ta zauna da 'yarta.

Ga wadda cikinta ke lafiya, ƙaramin asibiti mai ungozoma ya wadatar, muddin an san amsar wasu tambayoyi tun kafin ranar: shin akwai mai kwana a wurin, akwai oksitosin da aka adana cikin sanyi, kuma ina suke tura mace idan abu ya gagara, da wace mota? A shekarun baya wani shiri da Birtaniya da Norway suka tallafa ya horar da direbobin ƙungiyar NURTW a Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe kan ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa, don haka tashar mota wuri ne da ya dace maigida ya yi magana da wani direba takamaimai tun da wuri. Haka kuma a san rukunin jininta, a tanadi 'yan uwa biyu da za su bayar.

Wani ci gaba da ya shafi aikin ungozoma kai-tsaye shi ne gwajin da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jini, maimakon ƙiyasi da ido, sannan aka ba da magunguna a tare da zarar ya kai iyaka. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Tsoron tiyata da batun kuɗi

Zargin cewa likitoci na gaggawar yanka yana da tushe a wasu ƙasashe, kamar Brazil da Masar, inda fiye da rabin jarirai ta tiyata ake ciro su, kuma ana jin irin ƙorafin a kan wasu asibitocin kuɗi na manyan birane. Amma a Najeriya binciken 2018 ya nuna kimanin haihuwa uku ce kacal cikin 100 ake yi ta tiyata, wato ƙasa ƙwarai da yawan matan da ke buƙatarta. Mace na da haƙƙin ta tambayi dalilin da ya sa za a yi mata aiki, da ko akwai damar jira. Abin da ke kashewa shi ne a bar ta a kan gado ana neman maigida ko yayansa ya zo ya sa hannu. Wannan izini ya kamata a daddale shi a gida tun ciki na wata shida.

Mafi haɗari daga gudun tiyata shi ne a kira mai kemis ya yi allurar ƙara naƙuda a ɗaki, ko a sha jiƙo don haihuwa ta zo da sauri. Maganin da ke ceton rai bayan jariri ya fito, shi ne ke iya fasa mahaifa idan aka bayar ba bisa ƙa'ida ba jariri na ciki. Haka ƙwayoyin misoprostol da ake ba masu haihuwa a gida: bayan fitowar jariri ake shan su.

Dangane da kuɗi, a watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu, ta hannun Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, a asibitocin da aka yi wa rajista a shirin. A farkon shekarar ma Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiyar jihar. Ma'aikacin gwamnati da ke da inshora zai yi kyau ya tabbatar an sanya sunan matarsa, ya kuma san asibitin da katinsa ke aiki. Ɗan kasuwa kuma ya tambaya a wurin awo ko asibitin na cikin shirin kyautar, sannan duk da haka ya ware kuɗin mota da na gwajin jini a hannun wanda ke kwana a gidan.