Rawar Inzayim Masu Sarrafa Fiyurin a Cutar Ƙanjamau

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dangantakar wasu sinadaran jiki da raunin garkuwa, musamman a cutar ƙanjamau. Fiyurin rukuni ne na tubalan da ake gina ƙwayar gado, wato DNA, da su. Jiki kan ƙera su, ya rushe su, ya sake amfani da ɓaraguzansu, kuma sinadaran da ke wannan aiki su ake kira inzayim. Biyu daga cikinsu suka fi shafar garkuwa, waɗanda ake taƙaita sunayensu da ADA da PNP.

A 1972 Eloise Giblett, wata likita a Siyatil ta Amurka, ta gano cewa yaran da aka haifa babu ADA ba su da garkuwa. A 1975 ta gano makamancin haka game da PNP. Dalili kuwa, abin da ya kamata inzayim ya rushe sai ya taru ya zama guba ga limfosayit, wato fararen ƙwayoyin jini masu jagorancin kariya. Wannan rauni gadonsa ake yi. Ƙanjamau, wanda aka fara ba da rahotonsa a Nijeriya a 1986, ɗaukarsa ake yi, ƙwayar HIV ke hallaka limfosayit masu alamar CD4.

A wajen magani ne al'amuran biyu suka haɗu. Tenofobir, ɗaya daga magunguna uku da ke cikin ƙwayar da baligi mai jinya a Potiskum ke sha kullum, kwaikwayon tubalin fiyurin ne. Ba ya aiki sai inzayim na jikin majinyacin sun ɗaura masa fosfet biyu; daga nan HIV ta ɗauke shi a matsayin tubalin gaske, gininta ya tsaya cak.

Abin da ya fi jan hankali a ganina shi ne labarin didanosin, wanda aka amince da shi a 1991. PNP ke rushe shi, tenofobir kuma yana danne PNP. Da aka haɗa su, sai aka ga CD4 na wasu majinyata na raguwa alhali an daƙile ƙwayar cutar. Bayanin da masana suka fi rinjayarwa shi ne haɗin ya haifar da ɗan abin da ke faruwa ga yaron da ya gaji rashin PNP. Tuni aka daina haɗa su.