Dare Ɗaya a Falon Bole: Kirifto, Ƙirƙirarriyar Basira da Maganar Amana

Jirginmu ya baro Kano da rana tsaka, muka sauka filin jirgin sama na Bole a Addis Ababa bayan isha'i. Birnin yana kan tudu, sama da mita 2,300 daga gaɓar teku, don haka ina fitowa sanyi ya tarbe ni, na laluba jaka na zaro rigar sanyi. Jirgin da zai wuce da ni Indiya sai can tsakar dare, saboda haka na nufi falon hutun fasinjoji.

Ga wanda bai taɓa shiga ba, falon nan keɓaɓɓen wuri ne a cikin filin jirgi. Ana shigarsa da tikitin manya, ko da katin da kamfanin jirgi ke bai wa mai yawan tafiya, a wasu filayen kuma biya ake yi. Akwai abinci, da banɗaki mai tsabta, da intanet, da wurin cajin waya. A wata kusurwa wata mata cikin farin saƙi tana soya gahawa, ƙamshinta ya gauraya da hayaƙin lubban. Na yi alwala, na rama sallolina, na karɓi gahawa a ɗan ƙaramin finjali na nemi kujera.

Ban daɗe da zama ba na ji Hausar Kano a bayana. Wani dattijo ne ɗan Kantin Kwari da ɗan ƙaninsa, za su Guangzhou saro kaya. Muka gaisa, aka tambayi gida da hanya, suka jawo kujerunsu kusa da tawa.

Saurayin bai ɗaga kai daga waya ba. Na ga ya buɗe wani dogon layi na haruffa da lambobi, yana bin su da farce, leɓɓansa na motsi kamar mai tilawa. Ya duba huɗun farko, ya duba huɗun ƙarshe, ya sake dubawa. Sai ya tura dala goma kacal, ya jira. Da saƙo ya dawo cewa ta shiga, sannan ya tura sauran, ya sauke numfashi.

Na ce, "Samari, me ake ciki?"

Ya ce, "Baba, USDT na tura wa dillalinmu. Idan harafi ɗaya ya kai ka wani asusun, shi ke nan, babu ofishin da za ka je ka yi kuka."

Maganar ta taɓa ni, domin ni ɗan ɗan canji ne. A Wapa, matattarar 'yan canji a Kano, mahaifina ya yi rayuwarsa. Na tashi ina ganin mutum ya ajiye naira a gabansa, a buga waya ɗaya, wani ya karɓi riyal a Jidda, ba takarda ba sa hannu. Abin da ke riƙe da cinikin duka shi ne kowa ya san gidan kowa. Wanda ya ci amana ba zai iya shiga sahun sallar Juma'a da sakin fuska ba.

Kirifto an gina shi ne don a yi ciniki ba tare da wannan sanayya ba. A shekarar 2008 wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da bayanin Bitcoin, aka fara aiki da shi a Janairun 2009. A sauƙaƙe, littafin lissafi ne guda wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa. Duk kuɗin da ya tashi daga wani asusu zuwa wani sai an rubuta a ciki, kuma abin da aka rubuta ba ya gogewa. An ƙayyade cewa Bitcoin ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba. Kwamfutocin da ke tantance cinikin su ake ce wa masu haƙa, kuma wuta suke sha ba kaɗan ba. Shi ya sa kamfanonin haƙa suka kwararo nan Habasha, inda babbar madatsar ruwan da aka gina a kan Kogin Nilu ta samar da lantarki mai araha.

Farashin Bitcoin kuwa ba ya zama wuri ɗaya. A Nuwambar 2021 ya kusa dala 69,000, bayan shekara guda ya faɗo ƙasa da 16,000 lokacin da kasuwar FTX ta rushe, sannan a Disambar 2024 ya haura 100,000. Ɗan kasuwar da ke son biyan kuɗin atamfa ba zai iya da wannan hawa da sauka ba. Don haka suka fi riƙe USDT, wanda kamfanin Tether ke fitarwa bisa alkawarin cewa kowane ɗaya daidai yake da dala ɗaya. A lura da kalmar: alkawari. Wani makamancinsa mai suna TerraUSD ya yi irin wannan alkawari, ya wargaje a Mayun 2022, dukiyar mutane ta bi ruwa.

A Najeriya hukuma ta yi ta kai-kawo. A Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna taɓa harkar, a Disambar 2023 ya janye hanin, a 2025 kuma sabuwar dokar zuba jari ta sa ta ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. Malamai ma sun yi saɓani a kanta, wasu na ganin akwai garari da kamannin caca, wasu na ganin haja ce kamar kowace.

Abin da ya fi damuna ba saurayin nan ba ne, shi ya san abin da yake yi. Kalmomi goma sha biyun da ke buɗe asusunsa ma a takarda ya rubuta su ya ɓoye a gida, ya ce bai taɓa tura wa kowa ta waya ba. Damuwata ƙannenmu ne da ake ce wa 'yan baiwa, waɗanda suka kwana suna dangwalar waya a 2024 suna jiran manhajar Hamster Kombat ta fashe, da ta fashe a Satumba da yawansu ko kuɗin data ba su mayar ba. Su lokaci suka yi asara. Waɗanda suka zuba jari a manhajar CBEX, da ta rufe a Afrilun 2025, gumin shekaru suka rasa, kamar yadda aka yi da MMM a 2016. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, ba kirifto yake sayar maka ba, kwaɗayinka yake nema, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Alhaji, dattijon nan, yana ta saurare yana kaɗa carbi. Can ya ce, "Malam, ni nawa abin ya fi nasa. Ni yanzu tafinta gare ni a aljihu." Ya nuna min wata manhajar ƙirƙirarriyar basira a wayarsa. Yakan ɗauki hoton rasit da rubutun Sinanci, ta fassara masa nan take. Da, sai ya biya ɗalibi ya bi shi kasuwa yini guda.

Sai ya gyara zama ya ba ni labari. A tafiyar bara, mai masaƙa ya turo saƙon murya, manhajar ta rubuta masa dubu uku. Alhaji ya sake kunna saƙon ya kasa kunne, ya ji an ce "san wan". Shekara ashirin yana zuwa ƙasar, ya san Sinawa da dubu goma-goma suke ƙirga, "wan" ɗaya dubu goma ce. Dubu talatin ke nan. Ya ce, "Da na amsa a kan dubu uku, da na yi alkawarin da ba zan iya cikawa ba. Kuma ka san abin da ya ba ni tsoro? Ba ta yi ko inda-inda ba."

Dattijon ya taɓo asalin lamarin. Irin waɗannan manhajoji, da suka cika duniya tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022, an ciyar da su rubutu ne mai ɗimbin yawa, har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Shi ya sa maganarsu ke fita sumul, ko daidai ce ko kuskure. A Hausa abin ya fi tsanani, domin rubutunmu a intanet bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na Ingilishi. Ni ma ina amfani da su kullum, suna taƙaita min dogon rahoto, suna tsara min wasiƙa, kuma ina jin daɗinsu. Amma duk adadi, duk kwanan wata, duk nassin addini da suka ba ni, sai na koma tushe na gani da idona kafin in sa sunana a ƙasa.

A nan na ga inda abubuwan biyu suka haɗu. Dukansu suna da sauri, dukansu suna rage wahala, amma babu ɗayansu da ke da fuskar da za ta ji kunya. A Wapa idan an yi kuskure akwai dattijan da za a kai wa ƙara. A nan nauyin duka ya dawo wuyan mai waya. Ba ina cewa a guje su ba, zamani riga ne, kuma ɗan Arewa da ya ƙi koyonsu zai zama ɗan kallo a kasuwar da kakanninsa suka yi suna. Abin da nake roƙo shi ne a koye su yadda ake koyon sana'a, a hannun wanda ya iya, a fara da abin da in ya salwanta ba za a kwana da yunwa ba.

Aka kira fasinjojin Guangzhou. Saurayin ya zare cajarsa, ya ɗauki jakar baffansa ya rataya a kan tasa. Alhaji ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya kai mu lafiya, a yi mana addu'a." Na ce amin, Allah ya ba da kasuwa. Ina kallonsu suka nufi ƙofa, yaron yana nuna wa dattijon wani abu a waya, dattijon ya tsaya ya ciro tabarau, ya ce sai ya karanta da kansa.