Wane Fayil Ne Kwamfuta Ke Zubarwa Idan Ta Yi Shara?

Mai aiki da Debian ko Ubuntu, duk lokacin da ya ɗora manhaja da umarnin apt-get, kwamfutarsa kan sauke ƙunshin manhajar daga intanet, ta girka shi, sannan ta ajiye kwafi a wani lungu mai suna /var/cache/apt/archives. Ga ɗaya daga cikin amfanin kwafin: in an so sake ɗora manhajar, ba sai an ƙona data ba. A kwana a tashi lungun kan cika, kwamfuta ta fara kukan rashin wuri.

Akwai umarni biyu na shara. Na farko, apt-get clean, ba shi da ƙumbiya-ƙumbiya: kwashe duk ƙunshin yake yi, sabo da tsoho. Na biyun, apt-get autoclean, shi ke ruɗa mutane, domin yawancin bayanan da ake rubutawa a kansa sukan tsaya ne a kan cewa yana goge tsofaffin fayiloli. Mai karatu sai ya ɗauka kwanan wata ake dubawa.

Ba ruwansa da kwanan wata. Yana gwada abin da ke ma'ajiyar ne da jerin ƙunshe-ƙunshen da ke /var/lib/apt/lists, wanda apt-get update ke sabuntawa. Ƙunshin da har yanzu ake iya saukewa daga rumbun Debian ko Ubuntu ya tsira, ko da ya shekara biyu a ajiye. Wanda aka cire daga jerin kuwa ya tafi, ko da jiya aka sauke shi. In kuma an daɗe ba a sabunta jerin ba, to da tsohon labari zai yanke hukunci.

A nan gizo ke saƙar. Fayil ɗin da autoclean ke zubarwa shi ne ainihin wanda apt-get ba zai iya sake kawo maka ba. Ka ce sabuwar sigar wata manhaja ta zo da matsala, firinta ta ƙi aiki, kana son komawa ta baya: wannan ta bayan ita aka share. Debian na adana tsofaffin sigogi a snapshot.debian.org, amma sai an je an tono da hannu. Akwai saitin APT::Clean-Installed, wanda in an kashe shi yake kare ƙunshin manhajar da ke girke a yanzu, sai dai ba ya kare sigar da ta gabace ta.

Mutanen Arch Linux, a ganina, sun fi kyautata tunani a nan. Nasu pacman ba ya goge komai da kansa, kuma umarninsu na shara, paccache, kan bar sigogi 3 na baya-bayan nan na kowane ƙunshi, saboda ranar komawa baya.

Wani abin da ba kasafai ake faɗa ba: gajeren umarnin apt, tun daga Ubuntu 16.04, goge ƙunshin yake yi da zarar ya gama girkawa, alhali apt-get na ajiyewa. Shi ya sa wani zai leƙa ma'ajiyarsa ya tarar wayam, ya zaci an yi masa ɓarna. Wanda ke da manhajar da aikinsa ya dogara da ita, gara ya kwafi fayil ɗinta mai ƙarewa da .deb zuwa wani wuri kafin ya ba da umarnin shara.