RUWA NA IYA GIRGIZA ƘASA?

Duk mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san rugugin motar haƙa burtsatse, don kusan kowane layi an haƙa. Tun da ƙasa ta motsa a Mpape ta Abuja cikin Satumba 2018, har hukuma ta dakatar da fasa duwatsu da haƙa burtsatse a yankin, nake jin iyayenmu suna tambaya ko ramukan nan za su ja mana girgizar ƙasa. A ganina tsoron ya yi yawa. Burtsatsenmu galibi ba ya kai mita 200, kuma jawo ruwa yake yi. Inda haɗarin ya fi tabbata shi ne inda ake ɗura ruwa da ƙarfi can ƙarƙashin ƙasa.

Me zai sa a ɗura? Cikin ƙasa akwai zafi, shi ya sa ruwan Wikki na Yankari yake fitowa da ɗumi. A wasu ƙasashe sukan haƙa rami mai zurfin kilomita 4 zuwa 6, su tura ruwan sanyi ya ratsa dutse mai zafi, ya dawo da tururin da zai juya injin lantarki. To, amma fa dutsen yana da tsofaffin tsagogi, nauyi ne kawai ya danne gefe da gefe. In ruwa ya kutsa da matsi sai ya sassauta dannewar, gefe ɗaya ya zame. Zamewar nan ita ce girgiza.

Haka ta faru a Basel ta Suwizalan cikin Disamba 2006. Girgiza mai ma'aunin 3.4 ta tsattsaga bangayen gidaje, aka rufe aikin a 2009.

Dabarar da masana suka fito da ita kamar fitilar danja ta titi take. Sai a kewaye wurin da na'urori masu jin ɗan motsin da mutum ba ya ji. In kore ne a ci gaba, in ruwan ɗorawa ne a rage matsi, in ja ne a tsaya cik. A 2018 an gwada haka kusa da Helsinki ta Finlan, ana ɗurawa kaɗan-kaɗan ana hutawa har kwana 49, babu girgizar da ta kai ma'aunin 2.

Sai dai ni ban yarda danja kaɗai ta wadatar ba. A Pohang ta Koriya ta Kudu, an yi wajen wata biyu da daina ɗura ruwa, sai ga girgiza mai ma'aunin 5.4 ran 15 ga Nuwamba 2017, mutum fiye da 1,000 suka rasa matsuguni. Kwamitin gwamnati ya tabbatar a 2019 cewa ruwan ne ya taɓo wata babbar tsaga wadda ba a san da ita ba. Watau da an fara binciken tsagogin wurin sosai, da tun farko an kai ramin wani waje, nesa da gari.