WUTSIYAR KALMA KE NUNA MAI BIYA DA MAI KARƁA

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Fatakwal ko Anaca ko Inugu ya san cewa a can ciniki ba ya ƙarewa da musafaha da sa albarka kawai. Hayar ɗaki sai da takarda, rumfar kasuwa sai da takarda, haka lodin mota, haka banki, haka kotu, kuma dukkansu da Turanci ake rubuta su. Da yawa daga cikin 'yan kasuwar Arewa da ke Diobu a Fatakwal, ko wajen Bida Road a Anaca, ko Garki ta Awkunanaw a Inugu, suna jin Turancin kasuwa sarai, waɗansu ma har da harshen Ibo. Amma Turancin takarda wani abu ne dabam. A cikinsa akwai kalmomi tagwaye masu kai ɗaya, sai a wutsiya suke rabuwa, kuma wannan 'yar wutsiya ita ce ke nuna wanda zai biya da wanda zai karɓa. Kama da wane dai ba ta wane.

Zaman Hausawa a wannan yanki ya daɗe. Jirgin ƙasa ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916 saboda kwal, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932, ta Anaca kuwa a 1965. Fataken shanu da na sauran kaya suka bi waɗannan hanyoyi, har wani Bafulatani mai cinikin shanu, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. A zamanin da, maigidan baƙi shi ne lamuni, shi ne shaida, bakinsa kuma ya isa. To, yau alƙali takarda yake fara tambaya.

ASALIN TAGWAYEN

Kunnen Bahaushe ya riga ya saba da rabin al'amarin. Direba, manaja, masinja, kafinta, lebura, edita, duk sunayen masu yin wani aiki ne, kuma a Turanci suna ƙarewa da er ko or, Hausa ta mai da wutsiyar ta koma a. Ɗaya rabin shi ne kalmomin da ke ƙarewa da ee, ana jan muryar kamar a kalmar garanti. Galibi waɗannan suna nufin wanda aka yi wa aikin, ko wanda abin ya faɗo hannunsa.

Dalili kuwa na tarihi ne. Bayan da Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kotunan ƙasar sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki da wani irin Faransanci. Daga nan lauyoyi suka gaji al'adar kiran ɓangarori biyu na yarjejeniya da suna ɗaya mai wutsiya biyu. Turawan mulki suka kawo dokokinsu Ikko a 1863, kalmomin suka biyo su, har yanzu kuma suna nan cikin takardun ƙasar nan.

Abin ba baƙo ba ne ga Hausa. Tsakanin saya da sayar, ko koya da koyar, ko aura da aurar, harafi ɗaya ne, amma ba mai rikita wanda ya aura da wanda ya aurar. Haka employer yake mai ɗaukar ma'aikaci, employee kuwa wanda aka ɗauka aiki. Mai gadin da ya san wannan ba zai bari a rubuta sunansa a layin da ba nasa ba.

A TASHA DA BANKI

A takardar webil akwai consignor da consignee. Na farko shi ne mai aika kaya, na biyu shi ne wanda za a damƙa wa. Alal misali, a ce mutum ya loda albasa daga Aliero zuwa Anaca, akawu ya juya sunayen, ya sa ɗan'uwan da ke jiran kaya a layin mai aikawa. Mota za ta iso, kamfanin sufuri ya ce ba shi aka rubuta a ba, a yi ta kai da kawo, albasa kuwa ba ta jiran sulhu.

A jikin cek mutum uku ne. Drawer shi ne mai asusun da ya rubuta cek ya sa hannu. Drawee shi ne bankin da aka umurta ya biya. Payee shi ne wanda za a ba kuɗin. Wannan ba abin wasa ba ne, domin dokar soja mai lamba 44 ta 1977, wadda har yanzu take aiki, ta tanadi ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara ga wanda ya karɓi kaya ko bashi da cek ɗin da ba kuɗi a bayansa. Wanda ya rubuta cek ɗin, watau drawer, shi doka ke nema. Saboda haka sa hannu a farar takardar cek a miƙa wa yaron shago ganganci ne babba.

GIDA, FILI DA RUMFA

A takardar haya mai dogon wa'adi, lessor shi ne mai gida, lessee ɗan haya. Sai a duba da kyau a ga wanda aka ɗora wa gyaran rufi, da kuɗin ruwa, da harajin gida, domin takardar ba za ta riƙa maimaita sunan mutum ba. Sau ɗaya za ta ambace shi a sama, daga nan sai ta ci gaba da kiransa da ɗaya daga cikin kalmomin nan biyu har ƙarshe.

Wajen sayen fili ko gida, assignor shi ne mai sayarwa, assignee mai saye. Wajen kyauta, donor mai bayarwa, donee wanda aka ba. A kasuwanni irin su babbar kasuwar Anaca da Ogbete ta Inugu akan ji kalmar allottee, watau wanda hukuma ta ba rumfa da sunansa. Wanda ya karɓi rumfa daga hannun wani ya kamata ya tambaya ko sunan wa ke cikin littafin hukuma, domin ranar rushewa ko sabon rabo, mai sunan ake kira. Har wa yau akwai licensee, wanda aka ba izinin zama ko kasa kaya kawai. Haƙƙinsa bai kai na tenant, ɗan haya sosai, ba, kuma fitar da shi ya fi sauƙi.

Tagwayen da suka fi rikita mutane su ne na jingina. Yawanci akan zaci mortgagor shi ne banki, tun da shi ke ba da kuɗi. Ba haka ba ne. Mortgagor shi ne mai cin bashi, domin shi ya ba da gidansa jingina. Banki shi ne mortgagee, wanda aka jinginar wa. Daɗin daɗawa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce mai takardar mallakar fili ta gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar gwamnan jihar. A 1989 Kotun Ƙoli ta soke wata jingina da aka yi wa bankin Savannah saboda rashin wannan yarda.

LAMUNI BA SHAIDA BA NE

Inda zumunci ya fi jawo hasara shi ne wajen tsaya wa ɗan'uwa. Referee, kalmar da ta ba Hausa rafali, a banki tana nufin wanda ya ce ya san mutum, ya san halinsa, kamar mutum biyun da ake nema wajen buɗe asusun cek. Witness shaida ne kawai cewa a gabansa aka sa hannu. Amma guarantor, wanda ake ce wa garanto, ya ɗauki alkawari ne cewa in mai bashi ya kasa, shi zai biya daga aljihunsa. Ita kuwa guarantee, ko da yake tana da wutsiyar ee, yawanci sunan alkawarin ne kansa. A wajen beli kuma surety ake cewa, in wanda aka tsaya wa ya gudu, kuɗin da aka ambata a takarda na iya hawa kan mai tsayawar.

Akwai tsohuwar shari'a da ta kamata kowane ɗan kasuwa ya sani. Wani ɗan Arewa ya sa hannu a takardar lamuni da aka rubuta da Turanci, ya tsaya wa wani mai hulɗa da kamfanin PZ. Da bashi ya taso, sai ya kare kansa da cewa ba ya karanta Turanci, ya nemi inuwar dokar da ke kare waɗanda ba su iya karatu ba. A 1962 Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce tun da yana karatu da rubutu da Larabci, dokar ba ta rufe shi ba. Daga baya kotuna sun sassauta, suka koma duba ko mutum ya iya harshen da aka rubuta takardar da shi. Duk da haka, zuwa kotu neman kuɓuta daga sa hannun da mutum ya riga ya yi hanya ce mai tsawo, mai cin kuɗi.

WUTSIYA MA TANA RUƊI

Kada a ɗauka ƙa'idar ba ta da togiya. Creditor da debtor duka da or suke ƙarewa, alhali na farko shi ke bin bashi, na biyu shi ake bi. Detainee wanda aka tsare ne, deportee wanda aka kora daga ƙasa, kamar yadda aka yi wa Alhaji Shugaba Darman na majalisar Jihar Borno a 1980 kafin kotu ta tabbatar ɗan Nijeriya ne. Amma absentee shi da kansa ya ƙi zuwa, committee kuma kwamiti ne, taron mutane.

Trustee wanda aka ba amana ne. Ƙungiyoyin 'yan Arewa da kwamitocin masallatai da suka yi rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni suna riƙe filayensu ne da sunan irin waɗannan amintattu. Filin na jama'a ne, ba ya shiga gadon amintacce in ya rasu. Rashin fahimtar wannan kan haddasa rigima tsakanin magada da jama'ar unguwa.

A kotu kuwa wata wutsiyar ce ke yawo, ant ko ent. Complainant shi ne wanda ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Defendant wanda ake ƙara. Claimant, ko plaintiff a waɗansu kotuna, mai ƙara a shari'ar kuɗi ko fili. Appellant wanda ya ɗaukaka ƙara, respondent wanda zai amsa ta. A nan wutsiyar ba ta nuna ɓangare, sai an san kan kalmar. Wanda aka kawo wa sammaci ya fara neman sanin wanne ne shi a ciki, da ranar da aka sa, domin ƙin zuwa na iya sa a yanke hukunci a bayan idonsa.

KAFIN A DANGWALA YATSA

Abin yi ba shi da wuya. Da farko mutum ya sa a nuna masa inda sunansa yake a takarda, da kalmar da aka liƙa masa. Na biyu, ya sa a karanta masa duk layin da kalmar ta fito, ya ji abin da aka ɗora mata na biya ko na gyara ko na wa'adi. Na uku, mai fassarar ya zama nasa, ba yaron ɗaya ɓangaren ba. Dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba ta wajabta wa marubucin takarda ya sa sunansa da adireshinsa, alamar cewa an karanta wa mai sa hannu, an kuma bayyana masa. Wanda aka hana shi wannan ya riƙe yatsansa. Na huɗu, ya karɓi kwafinsa ya adana, kada ya bar shi wurin dillali.

Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa na Fatakwal da Anaca da Inugu suna da abin da za su yi a nan. A kowace unguwa akwai samarin da suka gama sakandare, akwai malaman makaranta. In aka ware mutum biyu ko uku amintattu da za a riƙa kai wa takarda su duba kafin a sa hannu, aka kuma rubuta kalmomin nan da ma'anarsu da boko da ajami aka manna a ofishin ƙungiya, za a rage kuka da yawa. In al'amari ya yi nauyi, kamar na fili ko jingina, kuɗin lauya na yini ɗaya ya fi shari'ar shekara 5 araha. Marasa hali kuma akwai Hukumar Ba da Taimakon Shari'a da aka kafa a 1976, tana da ofisoshi a jihohi.

Mutumin da ke iya kimanta nauyin sa da ido, ya riƙe lissafin buhu 300 a ka, kalmomi 20 ba za su gagare shi ba. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya tsare dukiyar jama'a, ya sa a koma gida da riba.